Babur Mai Sunan Hamida

"Albarka," in ji Hamida, ko kallon mai tayin ba ta yi ba.

Surukinta Alhaji Mani ya haɗiye fushinsa. Duk dillalan Ƙanƙara sun san wannan albarka tata. Kowa ya taya babur ɗin da ita ake korarsa, komai kyan tayinsa. Ga shi ba dama a sayar a bayan idonta, don mijinta Salim a gaban kowa ya ce nata ne, ranar da ya dawo da shi daga wurin mai fenti: ƙaton babur mai dogayen ƙahonni, tanki kore shar, an rangaɗa sunanta da ruwan zinare.

Tun bara aka tsince shi yashe a hanyar Faskari, Salim kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Kullum sai ta goge tankin. Wani lokaci takan ji kujerar da ɗumi, kamar yanzu aka sauka.

"Ɗiyata, mi kike jira?" Alhaji ya tambaya a hankali. "Uwar Salim ta daina bi ta zauren ga saboda babur ɗin ga."

"Baba, in na sallama... ai shi na sallama."

Malam Yahya, mai tayin, tun daga Sabuwa ya zo. Ya roƙi a bar shi ya ji lafiyar injin kawai. Kafin ta hana, ya murza makulli. Rurin nan mai kauri ya cika gidan, wanda duk unguwa ta san na Salim ne.

Sai ga Dada, mahaifiyar Salim, ta fito a guje, ba mayafi ba takalmi, hannunta duk ƙullu.

"Ya dawo! Auta, kai ne?"

Ta yi turus a gaban baƙon. Ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta ba shi haƙuri, ta juya tana dafa bango.

Tausayi da kunya suka rufe Hamida. Ashe ita tana rainon sa rai, tsohuwar nan kuwa kullum sabon rashi take yi. Ta dafa sunanta a jikin tankin, a ranta ta ce, ka yafe mini, masoyina.

"Malam, na sallama." Hawaye suka sauko mata. "Amma don Allah ka kashe shi. Ka tura shi da hannu har ka fita gari... kada ta sake ji."