Rufin Asirin Fanfon Gure

Layin bokitai ya kai har bakin masallaci ranar da Nasira ta fara ganin Shamsu. Bazarar 1997 ce. Fanfon unguwarsu a Gure ya tsaya, kuma Turawan da suka kafa shi sun tafi da sirrin na'urar da ke kunna shi. Ta leƙa ɗakin injin da niyyar faɗa, sai ta tarar da wani siririn saurayi durƙushe gaban tsohuwar ordinata, wato kwamfuta.

"Malam, mu muna jiran ruwa, kai kana kallon talabijin?"

Ya ɗago ya dube ta. "In kin iya buga rubutu, zauna ki kama mini."

Ta iya, don ita ke buga takardu a lakwal, makarantar da take koyarwa. Ta zauna.

Shamsu bai daɗe da dawowa daga karatu a Tunis ba. Ya zo da disket, ɗan faifan ordinata, mai ɗauke da wani tsari da mutanen ƙasashe daban-daban suka rubuta, suka bar shi a buɗe: kowa ya karanta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Da shi ya koya wa ordinatar ta kunna fanfo in tanki ya yi ƙasa, ta kashe shi kafin motar fanfon, wato injinsa, ta ƙone. Ruwa ya dawo. Duk wanda ya zo tambaya sai ya kwafa masa. Har Aisami, mai kula da fanfon garin Kelle, ya karɓi nasa.

Nasira ta riƙa biyowa bayan tashi daga lakwal. Wata rana ta tarar da rubutu a fuskar ordinatar:

"Malamata, tanki ya cika. Ni ne ban cika ba sai kin zo."

Ta buga a ƙasa: "Anjiniya, ka san hanyar gidanmu."

Mahaifinta, Alhaji Alhasan, ɗan kasuwa ne daga Damagaram, kuma ya so ya aurar da ita ga Mansur, ɗan ƙanensa mai kanti. Ya kira Shamsu zaure. Nasira tana bayan ƙofa.

"An ce duk abin da ka sani rabawa kake yi kamar ƙosan sadaka."

"Haka aka ba ni, Baba."

"Ni ko ƙanena bai san inda nake saro kaya ba. Mai rufa wa 'yata asiri nake nema, kai kuma naka asirin ma a buɗe yake. Gobe kowa ya iya, wa zai neme ka? Ka kulle abin nan ya zama sai kai. In ba haka ba, bayan Salla Mansur zai turo."

Nasira ta daina cin abincin kirki. Matan gidan Mansur suka fara kiran ta amaryarsu a bakin fanfo. Shamsu ya ɗauke ƙafa, ita kuma ta ɗauka ya haƙura da ita. Da ta kasa daurewa ta je ɗakin injin. Ordinatar ba ta nuna mata komai ba sai wurin sa kalmar sirri.

"Ka kulle?"

"Na kulle." Bai dube ta ba. "Na rasa yadda zan yi, Nasira. Ko tsarin ko ke."

"Ni mai buɗaɗɗen hannu na so."

"Shi ba za a ba shi ke ba."

Ta fita. Alhaji ya karɓi gaisuwa, aka sa rana, Shamsu ya tafi Kano haɗo lefe.

Yana can kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Da kuran ya dawo, ordinatar ta tashi tana neman kalmar da babu wanda ya sani a Gure. Tanki ya ƙafe. Rana ta yi zafi, yara suna kuka, mata suka koma rijiya mai nisa. Kuma Mansur ya tabbatar kowa ya ji wanda ya sa aka kulle. Kafin la'asar bokitai sun yi layi a ƙofar gidan Alhaji.

"Alhaji, tunda ruwan ya zama na surukinka, sai ka shayar da mu," in ji wata tsohuwa.

Ya shigo gida fuskarsa a murtuke. "An fasa. Yaron nan ya tona mini asiri."

Nasira ta durƙusa. "Baba, abin da ka ce ya yi, shi ya yi. Ka kai ni Kelle wurin Aisami, na buɗe yana hannunsa. In ruwa bai zo ba, ka ba ni wanda ka ga dama."

Ya leƙa layin bokitan da ke ƙofar gida. Sannan ya ɗauki makullin mota.

Yashi ya riƙe su a hanya, Alhaji da babbar riga yana tona ƙarƙashin taya, ita tana turawa tana addu'a kada a ce Aisami ya yi tafiya. Suka same shi. Ya kwafa musu disket ɗin nan take.

"Me za a ba ka?" in ji Alhaji.

"Haba Alhaji. Yadda aka ba ni."

Washegari Nasira ta sa disket ɗin, ta tayar da ordinatar da shi yadda Shamsu ya taɓa nuna mata. Ta tsaya tana jira. Shiru. Can sai motar fanfon ta yi gurnani, bututu ya yi tari, ruwa ya zubo.

Da Shamsu ya dawo ya ji labari, ɗakin injin ya fara zuwa. Saƙo na jiran sa:

"Anjiniya, na buɗe abin da ka rufe. Kada ka ƙara, ko don ni."

Ya buga: "Ba zan ƙara ba, Malamata."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya riƙe hannun angon.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya rufa muku asiri." Ya matse hannun. "Na fanfon kuwa, a bar shi a buɗe."