Baƙin Keken Taiba

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse, Taiba ta sauko daga kabu-kabu rungume da kan keken ɗinki a naɗe cikin tsohon zani. Tun daga Bakura yake bisa cinyarta. Hannuwanta sun sage, hijabinta ya sha baƙin mai. Ta dire kayan a rumfar da aka kwatanta mata ko kallon mai rumfar ba ta yi ba.

"Salamu alaikum. Kai na Mubashir mai gyara?"

"Wa alaikumus salam, ni na. Sannu da hanya. Ina gajiya?"

"Gajiya kam akwai ta."

Kowa ya san ba haka ake amsa gaisuwa ba. Mubashir ya ɗago ya dube ta, ita ma ta dube shi, sai kunya ta kama ta, ta ja hijabi ta gyara gaisuwar tun daga farko.

Keken na ƙafa ne, baƙi, irin na da, zanen ruwan zinarensa duk ya koɗe. Ta saye shi wajen Bashar, dillalin da ke sayen kayan mutanen da ke barin ƙauyuka. Tunda ya shigo gidansu zare yake tsinkewa yana tsallake ɗinki, ga shi ta karɓi ɗinkin Sallah na matan unguwa.

Mubashir ya warware zanin yana murmushi, murmushin ya ɗauke. A wurin da ke matse zare akwai wata 'yar wayar tagulla a murɗe. Shi ya murɗa ta da hannunsa yana yaro a Faru, gyaransa na farko a duniya. Keken mahaifiyarsa ne, Inna Hindu. Sun sayar da shi a Maradun shekarar da kwana a ƙauye ya gagara, suka dawo Mafara haya.

"Lahiya dai?" in ji Taiba. "Ko ya mutu na?"

"Irin wanga ba ya mutuwa. Dauɗa ta yi mashi yawa."

Bai faɗa mata ba. Ya ga yadda take kallon keken da dukan zuciyarta, bai so ta koma gida da tunanin cewa baƙin cikin wasu take takawa. Ya wanke shi da kananzir, ya daidaita ƙoshiya, ya nuna mata ta juya allura baibai, ya nuna mata ramukan ɗiga mai. Wayar tagullar ce kawai hannunsa ya kasa taɓawa. Ya ba ta lambarsa, wai ko da keken zai sake gardama.

Keken bai sake gardama ba, wannan ne ya ɓata wa Taiba rai. Sai da ta gama ɗinkin Sallah, bayanta kamar zai karye, sannan ta samo hujjar tura masa saƙo.

"Salam. Taiba ce mai baƙin keke. Yana wata ƙara haka."

"Wace irin ƙara?"

"Irin ta keke."

"To lafiyarsa lau ke nan. Ita mai keken fa, gajiyar tana nan?"

"Tana nan. Amma ta ragu yanzu."

Daga nan ta zama Telata, shi ya zama Bakanikena. Yakan rufe rumfa bayan azahar ya hau babur zuwa Bakura, su zauna a ƙofar zaure, la'asar sakaliya ya miƙe, don hanyar ba ta yarda da mai yamma. Zancen nasu gajere ne, rabinsa hamma, amma kowa yana komawa da abin tunawa.

Mahaifinta Malam Magaji mai makaranta ne, mutum mai sanyin magana da taurin ra'ayi. Bai ƙi yaron don sana'arsa ba.

"Ɗiyata," ya ce, "mutanen kirki na, na bincika. Amma ɗaki biyu na haya, ga tsohuwa ido ya yi rauni, gona ta tahi. Ke ko hutawa ba ki san ta ba. In kai ki inda za ki ƙara wahala?"

Shi kuwa Bashar ya daɗe yana kewaya gidan yana neman Taiba. Har ya yi alkawarin sabon keke mai amfani da wuta, a garin da wutar ke zuwa kamar baƙuwa. Da ya ji sunan Mubashir na Faru, sai ya tuna daga hannun wa ya sayi baƙin keken. Ya zo zaure ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ajiye maganar a gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, ba gulma ba ta. Keken uwar yaron nan na. Ya san in anka yi aure cikin kayan ɗaki za a kai mashi shi. Keke shika biɗa."

Taiba tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta tuna yadda murmushinsa ya ɗauke ranar farko, da yadda kullum in ya zo sai ya tambayi keken kafin ya tafi. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce ta sauko mata gaba ɗaya. Washegari ta kwance kan keken, ta naɗe shi a zanin nan, ta ba ɗan kabu-kabu ya kai wa Mubashir, ta tura masa saƙo.

"Ga keken Inna nan. Da ka roƙe ni tun farko da na ba ka, ba sai ka wahalar da kanka da zuwa Bakura ba."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ta kife wayar.

Kwanakin da suka biyo baya teburin keken na tsaye a ɗaki da rami a tsakiyarsa. Mata na zuwa da atamfa suna komawa da ita. Ƙanwarta Mufida ta gaji da kallonta, ta ce, "Yaya, ke kin ba da keke, kin ba da saurayi, mi kika rage ma kanki?" Taiba ta juya wa bango fuska.

Ranar Juma'a ɗan kabu-kabun ya dawo da kan keken, yana sheƙi. Ta duba, wayar tagullar babu, an sa sabon ƙarfe a wurinta. Saƙo ya shigo.

"Telata, gaskiya ne na Inna ne, kuma na yi kuskure da na ɓoye. Ban so ki riƙa ɗinki kina tausayinmu. Waya ɗaya ce tawa a jikinsa, na cire ta. Sauran naki ne, ke kika saya. Gobe zan zo wajen Malam. In kin ce kar in zo, ba zan zo ba."

Ta karanta har ta haddace. Ba ta ce ya zo ba, ba ta kuma ce kar ya zo ba.

Ya zo da kawunsa Jibo. Bayan an gaisa an tambayi iyali da damina da mutanen Maradun, Malam Magaji ya gyara zama.

"Mubashir, magana ɗaya gare ni. In na ba ka Taiba, keken nan ba ya hita gidana. Na Mufida na."

"Na yarda, Malam."

"Ba ka ko yi tunani ba."

"Na gama tunanin tun a rumfa. Sai dai ina roƙon a bar ni in koya ma Mufida sa mai, don shina son kulawa. Ita kuwa Taiba, in Allah ya hore, ni ka haɗa mata wani. Kahin nan ta ɗan huta."

Malam ya gyaɗa kai, ya ce ya ba shi Taiba. Kalmar hutun nan ce ta shige shi, don shi ma ita ya daɗe yana nema wa 'yarsa. Bayan ƙyaure kuwa Taiba ta toshe baki da hijabi, hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar Bashar suka zo gaba ɗaya.

Da yamma ta tura masa: "Bakanikena, ka isa lafiya?"

"Na isa. Akwai wata ƙara kuma?"

"Akwai. Amma wannan karon ba ta keke ba ce."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar makarantar Malam, ba hayaniya. Aka kai amarya Mafara da rana tsaka saboda hanya, da gadonta da kwanukanta, babu keke. Taiba ta yi kewarsa, ƙafafunta har motsi suke in ta zauna, amma ranta a kwance yake, don ta ga mijinta bai taɓa leƙa kayan ɗakin yana neman wani abu ba.

Ana cikin makon amarci, wata safiya motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da keken, kai da tebur da mataki, Mufida na biye.

"Baba ya ce a hwaɗi ma Mubashir sharaɗi ya cika. Ya kuma ce ni karatu za ni yi, ba ɗinki ba."

Aka ajiye shi a inuwar tsakar gida. Mubashir bai taɓa faɗa wa Inna Hindu labarin keken ba, ya tsaya cak yana kallon Taiba, ita ma shi take kallo. Tsohuwar ta taso da lalube ta zo ganin kayan surukarta. Ta shafa kan keken, ta shafa teburin, yatsunta suka faɗa wani ɗan gurbi a kusurwa, inda fitila ta taɓa ƙona katakon a Faru. Hannunta ya tsaya a wurin.

Taiba ta durƙusa. "Inna, naki na. Ki yahe mu."

Inna Hindu ta ɗauke hannunta daga teburin, ta lalubo kan Taiba ta ɗora shi.

"Ni na sai da nawa, ɗiyata, shi yah hisshe mu da ranmu. Wanga naki na. Allah shi sa albarka cikinai, shi ba ku zaman lahiya, shi hutasshe ku." Ta ja kujera ta zauna kusa. "To zamna ki taka in ji. Ki bi shi sannu, ba shi son gaggawa."

Taiba ta zauna, ta zura zare, ta ɗora ƙafa. Mubashir ya jingina da bango, ya manta da rumfa ranar nan.