Muryar Dona Zulmira

Da hantsin Asabar Taís ta buɗe ɗakin atisayen kiɗa a bayan kasuwar Madureira, ta tarar na'urarta ta haɗa sauti ta yi ɓatan dabo. A cikinta kaɗai muryar kakarta, marigayiya Dona Zulmira, ta rage a duniya, domin kaset ɗin asali ya tsinke ranar da aka kwafe shi. Ƙungiyarsu ta matasa tana yayyanka muryar tsohuwar tana ɗorawa a kan kiɗan samba da ƙarar lantarki, kuma da la'asar suke da wasa.

Sufeto Dalva Peixoto ta iso tana tauna murfin biro. Ita mace ce da zama ke yi mata ƙaiƙayi, don haka ta zagaye ɗakin sau uku kafin ta ce uffan. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ga garayu biyu masu tsada a jingine, ba a taɓa su ba. Ruwan saman jiya ya yi yoyo ta kwano, ya taru a kan tebur. A jikin ƙusa kuwa an rataye wani ƙaramin bandiri, an naɗe shi da tawul tsaf.

"Mutum nawa ke da mabuɗi?"

"Uku," in ji Taís, idanunta jajur. "Ni, da Wanderson mai babbar ganga, da kakana Anacleto, mijin marigayiyar, shi ma yana yi mana kiɗa."

"Yaushe kuka tashi jiya?"

"Biyar. Ruwa bai sauko ba sai wajen shida."

Dalva ta sa aka kira Wanderson. Ya shigo da rigar direban bas, yana hura hanci.

"An ce ka yi rantsuwa sai ka jefa na'urar nan a teku."

"Na faɗa, ranki ya daɗe. Abu ne zai riƙa gaya mini lokacin da zan buga ganga? Ni da na fara kiɗa tun ban iya ɗaura wando ba!"

"To ka jefa?"

"Da wane hannun? Daga biyar da rabi ina kan sitiyari, hanyar Penha. Tambayi fasinja ɗari biyu da suka zage ni."

Ta kira tashar motar, aka tabbatar mata. Ta nuna bandirin da biro.

"Wa ya rataye wancan?"

Wanderson ya ɗaga kafaɗa. "A kan tebur na yar da shi. Tsohon kaya ne, na fatar akuya. Mu namu na roba ne, ko a kogi ya kwana ba ruwansa."

Dalva ta taɓa fatar, ta ji ta a bushe ƙamas. Ta kai tawul ɗin hanci, ta yamutsa fuska, ta sake shinshinawa. Daga nan ta fita ba sallama, sai da Taís ta bi ta da gudu.

Gidan Anacleto yana can saman tudu, matakala fiye da ɗari. Dalva ta haye su bibbiyu, ranta a jagule, domin ta riga ta san abin da za ta tarar kuma ba ta so. Tsohon yana zaune a ƙofa, ana dafa baƙin wake a maƙwabta. A cinyarsa ga kuwika, 'yar gangar nan mai tsinke a ciki da ake murzawa da ɗanyen ƙyalle ta yi kuka.

"Sannu da hutawa, Baba. Da me kake jiƙa ƙyallen?"

"Kananzir, 'yata. Ruwa na yaran zamani ne."

"Jiya bayan shida ina kake?"

"Ina tsoho zai je cikin ruwa?"

"Ɗakin atisaye." Ta ƙi kujerar da ya miƙo mata. "Ɓarawon titi ba ya barin garaya. Ba ya kulle ƙofa in ya gama. Wanda ya shiga ya ga yoyo na shirin ɗiga a kan fata, zuciyarsa ta kasa jurewa. Ya tsaya a tsakiyar sata ya ceci bandiri, ya naɗe shi kamar jariri. A ƙungiyar nan kai kaɗai ka san abin da danshi ke yi wa fata. Tawul ɗin kuma warin kananzir yake."

Anacleto ya dubi yatsunsa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da na'urar a cikin rigar matashi.

"Kaka!" in ji Taís. "Kai? Na kusa haukacewa!"

"Shekara arba'in da ɗaya ina bin matar nan da kiɗa," ya ce a hankali. "Ko zazzaɓi take ba ta taɓa yanke baiti a tsakiya ba. Ke kin mayar mini da ita mai in'ina. Kalma ɗaya, ki datse, ki maimaita, ki datse. Ina tsaye a bayanki ina kaɗawa, ina jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasawa."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In ce me? Jama'a na tafi." Ya shafa na'urar. "So nake in ji ta sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Tun safe nake danne-danne, shegiyar ta ƙi ni."

Dalva ta zaro takardar ƙara ta dubi Taís. "Kayanki ne. In rubuta?"

Taís ba ta ko kalle ta ba. Ta durƙusa gaban tsohon, ta jona waya, ta kashe duk ƙarar lantarkin.

"Kai da hannunka sai ka ce na mai gyaran risho," ta ce tana share hawaye. "Kawo yatsan. Wannan jan za ka danna."

Ya danna. Dona Zulmira ta yi gyaran murya, ta ɗauko waƙar daga tushe. Tsohon ya lalubo ƙyallensa, ya zura hannu cikin kuwikar ya bi ta a baya.

Dalva tana da ƙararraki huɗu suna jiranta a ofis. Ta mayar da takardar aljihu, ta jawo kujerar ta zauna, ba ta motsa ba sai da matar ta kai ƙarshen baitinta.