Hanyar Gindin Tsamiya

A wani ƙauye, can da daɗewa, mata kan yi dogon zagaye zuwa rijiya don tsoron aljanun wata tsamiya. Wata mata ta karɓi Almasihu, tsoro ya sake ta. Sai ta riƙa bi ta gindin tsamiyar, ta dawo da wuri.

Rannan ta hango tsohuwar maƙwabciyarta tana ɗingishi a doguwar hanya. Har za ta yi dariya, sai ta tuna da can ita ma haka take.

Ta ce, "Iya, kawo tulun."

Tsohuwa ta ce, "Ke da Allah ya hutar, 'yata?"

"Bai hutar da ni don in zauna ba, Iya."

Tun daga ranar, sau biyu take bi ta gindin tsamiya, tana waƙar godiya.