Maganin Baba a Jakar Gwaggo

Auta yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai akwai ta da gaggawa. In ta ji kan magana, ba ta jiran ƙarshenta.

Wata rana malaminsu ya yi musu darasi a kan zuciya. Ya ce, "Yawan ƙiba yana iya wahalar da zuciya." Yana shirin ci gaba sai aka buga ƙararrawa.

"Sauran bayani sai mako mai zuwa," in ji shi.

A wurin Auta kuwa ba wani saura. Masu ƙiba su ne marasa lafiya, sirara kuma garau suke. A hanyar gida ma ta riƙa rarraba manyan unguwa da ido. Mai gyaran keke siriri ne, ya tsira. Mai kanti yana da tumbi, Allah sarki.

Da ta shiga gida sai kanta ya ɗaure. Babanta tela ne, siriri kamar allurarsa, amma shi ne yake shan maganin hawan jini kullum da safe. Gwaggo kuwa, yayar Baba, in ta zauna a tabarma ba mai samun gefe. Ita kuma ba ta shan komai.

Auta ta sami Umma tana wanke-wanke.

"Umma, anya likita bai yi kuskure ba?"

"Kuskuren me?"

"Na maganin Baba. Ai Gwaggo ya kamata a ba."

"Ke da likita wa ya fi sani? Miƙo mini soso."

Auta ta miƙa soso, amma hankalinta bai kwanta ba. Tana son Gwaggo ƙwarai, kuma tana tsoron kada zuciyarta ta tsaya. Sai ta lallaɓa ta buɗe aljihun keken ɗinkin Baba. Ta ɗauke kwalbar maganin, ta jefa a jakar kasuwar Gwaggo. A ganinta, in Gwaggo ta gani za ta sha.

Washegari Baba ya birkice aljihun keke, ya ɗaga yaduka.

"Wa ya ga kwalbar maganina?"

Auta ta kawar da kai, ta sulale gefe.

"Ɗinki ya yi mini yawa," in ji Baba. "Zan sayi wani in na sami sarari."

Sararin bai samu ba. Bayan 'yan kwanaki Baba ya fara ciwon kai. Wata safiya ya kasa zura zare a allura. Da ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, ya dafe bango.

Umma da Gwaggo suka kai shi asibiti. Auta na biye da su, ta rasa gane abin da ke faruwa. Yaya siriri zai yi ciwon masu ƙiba?

Nas ta ɗaura wa Baba abin awon jini a damtse. Ta duba, ta girgiza kai.

"Malam, jininka ya hau sosai. Kana shan maganinka kuwa?"

"Ɓata ya yi, 'yar nan."

Nan Auta ta fashe da kuka. "Bai ɓata ba. Yana jakar Gwaggo. Ni na saka."

Gwaggo ta zazzage jakarta a kan benci. Ga makullai, ga tsohon hankici, ga kwalbar magani can ƙasa.

"Yau na ga ikon Allah," in ji Gwaggo. "Ni kika mayar majinyaciya ban sani ba?"

Cikin kuka Auta ta faɗi abin da malam ya ce. Nas ta ba Baba magani, ta kwantar da shi. Sannan ta ce wa Gwaggo, "Mama, kawo hannunki mu gani."

Ta auna, ta ce, "Naki lafiya lau."

Auta ta dubi Gwaggo, ta dubi Baba. Kanta ya ƙara kullewa.

"To malaminmu ƙarya ya yi?"

"Gaskiya ya faɗa, amma rabi kika ji," in ji nas. "Ƙiba ɗaya ce daga cikin dalilai. Akwai gado, akwai shekaru, akwai yawan gishiri da yawan zama. Babanki a kan keken ɗinki yake wuni. Gwaggonki fa?"

"Kullum a ƙasa nake zuwa kasuwa," in ji Gwaggo.

"Kin ji ko? Kullum ina auna mutane iri-iri, maza da mata, na birni da na ƙauye. Wani rukuni ya fi wani yawan masu hawan jini, amma ko'ina akwai su. Da yawa ma ba su san suna da shi ba. Ido ba ya gani, sai an auna."

Zuwa la'asar jinin Baba ya sauka, aka sallame shi. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki, Autata. Ni ma da laifina, da na fifita ɗinki a kan lafiyata." Ya dafa kanta. "Amma ki riƙe wannan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kada ki ƙara taɓa maganin wani. In abu ya ɗaure miki kai, ki yi ta tambaya har ki gane."

"Na ji, Baba."

Baba ya miƙe da ƙafarsa, ba mai riƙe da shi. Auta ta share hawayenta, farin ciki ya cika ta. Suka taka har gida a hankali, hannunta a cikin nasa.