Kwamfutoci Huɗu, Adireshi Ɗaya

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Mai Gyara, leda ta zazzage masa a kan tebur: ƙananan kwamfutoci huɗu, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, da wayoyin USB a cukurkuɗe. Ta ce na gonar kajin babanta ne, kowace za ta zauna a ɗaki guda tana auna zafi. So take ta jona su duka da laftof ɗinta ta saita su, amma in ta jona huɗun, ɗaya kawai laftof ke gani.

Kallo ɗaya ya yi wa kayan, ya yi mata biyu. Kafin ta rufe baki ya gano matsalar: memori ɗaya aka kwafa wa dukansu, suka tashi da adireshi ɗaya, kamar gidaje huɗu masu lamba ɗaya. Aiki ne da zai gama kafin shayinsa ya huce. Amma bawan Allah ya tamke fuska ya ce abin sai a hankali, ya gyara guda, ya ce ta dawo jibi.

Haka aka yi ta yi. Abin mamaki, duk ranar da ta dawo, wadda ya gyara ta koma gidan jiya. Shi ko bai tsaya bincike ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

"Gwanina, yau ma ɗaya ta gudu," ta kan rubuto masa.

"Kamo ta gobe, Autata. Har kujerar shago ta yi kewarki."

Ana nan sai ga wani saƙo da ya ɗaga masa hankali: "Ba sai na zo gobe ba. Dogo, ɗan abokin Baba mai saka intanet a ofisoshi, ya zo gaisuwa ya gyara su duka a zama ɗaya. Baba sai yabonsa yake."

Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su ga Mai Gyara a makon nan ba. Ya ƙona yatsa wajen liƙa waya, ya yi wa kwastoma tsawa don kawai mutumin dogo ne. Da kyar ya iya rubuta mata, "Allah ya sanya alheri." Ta kira, ya ƙi ɗauka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne hannun wani ya taɓa laftof ɗin da ta saba buɗewa a gabansa.

Da ya ga zama ba nasa ba ne, ya tura kawunsa wurin Baba neman auren Auta. Kawu ya dawo jiki a sanyaye. Baba ya ce wanda ya kasa haɗa kan kwamfutoci huɗu, yaya zai riƙe gida? Ga Dogo nan, yaro mai zafin nama.

To fa. In Mai Gyara ya yi shiru ya zama rago, in ya yi magana ya zama mayaudari. Ya je da kansa, ya durƙusa a falo, ya faɗi gaskiya: tun ranar farko ya san gyaran, jan aikin ya yi don ya riƙa ganin Auta.

Fuskar Baba ta haɗe. Kafin ya buɗe baki, muryar Auta ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Baba, shi yana gyara ɗaya, ni kuma in na dawo gida sai in sake kwafa mata tsohon memorin."

Baba ya dubi labulen, ya dubi Mai Gyara. Can ya girgiza kai yana danne dariya.

"Ashe ku biyu kuka haɗu kuna wasa da kajina. Tashi ka kai kwamfutocin gona, sannan ka turo min kawun naka."

Kafin su ɗauki hanyar gona, Auta ta kama Mai Gyara yana goge adiresoshin da Dogo ya saka, yana rubuta sababbi.

"Gwanina, aikin Dogo fa lafiyarsa ƙalau."

"Na sani. Ko adireshinsa ne ba na so ya kwana a laftof ɗinki."

Ba a jima ba aka ɗaura musu aure, Baba da kansa ya sa albarka, ya ce Allah ya haɗa kansu fiye da yadda suka haɗa masa kwamfutocin. Dogo ma ya zo, kuma ango ya gaishe shi hannu bibbiyu, amma bai bar shi ya zauna kusa da amarya ba.