Sawu Huɗu a Kan Yashi

Wata rana, a wani gari, wani direba ya bugi kwalbati da motarsa. Ya duba, ya ce, "Ba komai, ɗan ƙarce ne."

Washegari ya cika motar da mata masu zuwa suna, har da mahaifiyarsa. A bakin tasha wani tsohon bakanike ya tare shi, yana nuna inda motar ta bugu.

"Baba, ba komai, ɗan ƙarce ne."

"To, ɗana, bi ta kan yashin nan mu gani."

Direba ya bi, ya sauko. Lafiyayyar mota sawu biyu take bari, domin tayoyin baya kan taka inda na gaba suka taka. Amma ga sawu huɗu a kan yashi! Ya leƙa ƙarƙashi, sai ya ga ƙashin motar, ƙarfen da ke ɗauke da ita, ya lanƙwashe, har ya tsage.

"Innalillahi!" in ji direba.

Mata suka yi ca: "Direba, rana tana yi! Sai an cinye tuwon sunan?"

Ya dubi hanya, ya dubi sawun. Sai ya zare makulli, ya buɗe ƙofa.

"Inna, ku sauko. Motar nan ba za ta kai ku ba."

Mahaifiyarsa ce ta fara sauka.